Kafin Idon Inna Ya Rufe

Tahaggart, Tamanrasset
Satumba 2005

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Mahamane da 'yarku Ramatu. Yaya Inna, yaya idon nata? Ni lafiyata ƙalau, in ban da kewar gida da ta fura mai kyau.

Na ga saƙonki cewa Inna ta ƙi karɓar hoton da na aiko. Raina ya ɓaci da farko, don har rigar aro na sa aka ɗauke ni. Amma da kika tuna mini da Tasi'u ɗan Gwamma, wanda hotonsa ya iso gidansu yana murmushi alhali an riga an binne shi a hanyar In Gezzam, sai jikina ya yi sanyi. Tarho ma kin ce ba ya gamsar da ita, wai murya ba ta nuna ko mutum yana da ƙafafunsa biyu. So take ta gan ni ina motsi tun idon yana gani. Zuwa kuwa kin san ba ya yiwuwa. Ba ni da takarda, in na fita ban san ranar sake shigowa ba.

To ga abin da na yi. Na sayi 'yar kamera irin ta ɗorawa kan ekaran, wato fuskar kwamfuta, kamar wadda kika ce kuna da ita a sibar ɗinku, kantin intanet na Damagaram. Si Hasan, mai sibar ɗin da nake wa aiki, ya ce in jona, in ta yi ma ya samu abin jawo mutane. Sai dai babbar na'urarmu Linux ce, wani ɗan arewacin ƙasar nan ya zo ya ɗora ya koma garinsu. Sauran na'urorin kanti fanko ne, daga ita duk suke sha, don haka dole ita zan jona wa. Na jona, ta yi kamar ba ta san an yi baƙo ba. Manhajar kiran bidiyo da ke cikin pake-pake, wato ƙunshin kayan da tsarin yake saukowa da su da kansa tsohuwa ce, ba ta san wannan kamerar ba.

Ke kika yi lekkol, kika yi karatun waɗannan abubuwa a Yamai. Ni daga kan bulo na faɗo cikinsu, abin da na ƙware a kai shi ne sa takarda a firinta da korar masu zaman banza. Ki nuna mini hanya, amma da Hausa, kada ki yi mini Faransancin farfesa.

Ƙaninki,
Ɗayyabu


Damagaram
Satumba 2005

Ɗayyabu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kowa yana gaishe ka. Idon Inna da sauƙi, likita ya ba ta maganin ɗigawa, tana sawa safe da yamma. Na gaya mata shirinka, ta yi dariya ta ce a fito mata da mayafinta na Sallah.

Abin da za ka yi shi ne ka gina sabuwar manhajar da hannunka daga ɗanyen rubutunta, wanda muke kira surs. A ƙasan wannan saƙo na sa maka inda za ka sauko da shi, da umarnin da za ka buga bi da bi: na farko ya duba abin da na'urar take da shi, na biyu ya gina, na ƙarshe ya ajiye. Sabuwar manhajar tana buƙatar sabon bibliyotek. Kai ka ɗauke shi a ginshiƙi, tunda magini ne kai. Akwai tsohon ginshiƙin a na'urarku, kuma manhajoji da yawa a kansa suke tsaye. Shi ma sabon ginawa za ka yi.

Yanzu ka buɗe kunnenka. A cikin na'urar akwai mai kula da pake, kamar mai sito yake. Duk abin da ya shigo ta hannunsa ya san inda ya ajiye shi, ya san wane ya jingina da wane. Abin da ka gina da hannunka kuwa bai san da shi ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Shi ya sa aka ware wa irin wannan kaya ɗakinsu daban, sunansa /usr/local. Can za ka ajiye naka. Kada ka kai komai /usr, nan sitonsa ne. In ka ɗora naka a kan nasa, shi gani yake har yanzu kayansa ne a wurin, kuma ranar da ya tashi gyara ba zai tambaye ka ba.

Na san halinka tun kana ƙarami. Kai ne mai cin tuwo yana ƙona ka, kana hawaye kana ƙara kai loma. Ka bi a hankali, babu gaggawa.

Yayarka,
Zuwaira


Tahaggart
Oktoba 2005

Yaya Zuwaira,

Barkanku da shan ruwa. Ina fatan azumi yana zo muku da sauƙi. Ni lafiya lau.

Na gina. Wallahi abin ya burge ni, tun safe na'urar take zubo rubutu ba hutu, sai wajen la'asar ta tsaya. Na ajiye komai a ɗakin da kika ce. Amma da na tayar da manhajar, maimakon ta kama sabon ginshiƙin sai ta je ta rungumi tsohon, ta mutu nan take. Na sake, ta sake. Na yi ta fama har na rasa abin yi.

Sai na zauna na yi tunani irin namu. A gini ba a barin ginshiƙi biyu a wuri ɗaya, ɗaya tsoho ɗaya sabo, suna rigimar wanda zai ɗauki rufi. Cire tsohon ake yi a dasa sabon a gurbinsa. Duk maginin da ya bar biyu, to bai yarda da aikinsa ba ne. Sabon nan ya fi tsohon, duk abin da tsohon yake ɗauka shi ma zai ɗauka.

Kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ranar Juma'a da na kira, ina riƙe da tarho na ji Inna ta ce wa wani, "Wane ne nan tsaye?" Sai na ji muryar Ramatu tana cewa, "Ni ce, Kaka." Da rana tsaka, Yaya. Yarinyar da ke kwana a bayanta. Wannan ne sauƙin da kika ce? Kin ce babu gaggawa, na yarda da ke na yi ta jan ƙafa, yanzu tsoro nake ji.

Gobe zan ɗora sabon a gurbin tsohon. Ki kai Inna sibar ranar Lahadi bayan azahar, in sha Allahu za ta gan ni.

Ɗayyabu


Damagaram
Oktoba 2005

Ɗayyabu,

Kada ka yi! In ka ga wannan saƙo kafin ka taɓa komai, ka ɗauke hannunka. A nan ginshiƙi biyu suna zama lafiya, kowa da masu jingina da shi. Layi ɗaya kawai za ka ƙara ka nuna wa manhajar hanyar sabon, ga shi na rubuta maka a ƙasa. Na'ura ba katangar Larabawa ba ce da za ka shiga da guduma. Na yi maka bayani da Hausa kamar yadda ka roƙa, amma kan bulo gare ka, ba ya shan ruwa sai an jiƙa shi kwana da kwanaki.

Maganar Ramatu kuma, rana ce ta haske wa Inna fuska. Ka amsa mini yau.

Zuwaira


Damagaram
Nuwamba 2005

Ɗayyabu,

Barka da Sallah, tunda kai ba ka ga damar yi mini ba. Muna lafiya.

Ranar Lahadin da ka ce, Inna ta yi wanka ta sa mayafin, Mahamane ya kawo ta a mota. Ta zauna gaban ekaran har aka kira la'asar. Duk wanda ya shigo sai ta ce masa ɗanta za a nuna mata daga Aljeriya. Da muka tashi tafiya ita ce ma take ba ni haƙuri.

Ranar Sallah ka kira, ka ce mata saura kaɗan, ka ajiye kafin in karɓa. Na rubuto, na sake rubutowa, shiru. In don na ce maka kan bulo ne kake gaba da ni, to ka ci gaba, ni ma zuciya gare ni. Ba zan ƙara rubutowa ba sai na ga naka.

Zuwaira


In Amgel
Disamba 2005
Ta hannun Salifu direba

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Da rai dai nake, ba zan ce miki lafiya lau ba wannan karon. A takarda nake rubutowa don rabona da na'ura tun cikin azumi. In kin aiko da wani saƙo ban gani ba.

Na ɗora sabon a kan tsohon kamar yadda na ce. Kamera ta kunna, Yaya. Na ga fuskata a ekaran, na ɗaga hannu ya ɗagu. Ranar na sha ruwa da farin ciki. Washegari da safe na bar mai siton nan naki ya yi sabunta kayan da ya saba yi duk mako. Ashe an fito da wani gyara na tsohon ginshiƙin. Ya kawo ya shimfiɗa a kan nawa, ya danne rabi ya bar rabi. Na'urorin kanti duk suka yi baƙi.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma na ce tunda tsohon ne ke kawo rigima, bari in sa mai siton ya cire shi gaba ɗaya. Ya jero mini sunaye cike da ekaran ya ce su ma za su tafi, na yarda? Mutane suna tsaye a kaina, akwai wata 'yar Kano da ke jiran saƙon mijinta da ya yi gaba tun bazara, tana ta cewa, "Malam, network ɗin ya dawo?" Ban karanta ba, na ce na yarda. Ina kallo yana kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya, har abin da ke haɗa mu da intanet. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da na sa shi ya yi.

Si Hasan bai ɗaga murya ba. Ya tambayi faifan sede da ake ɗora tsarin da shi, muka duba, ashe mutumin arewan nan da shi ya tafi. Sai ya miƙo hannu na ba shi makulli. Kin san a kantin nake kwana, kuma shi ne mai ce wa jandarma yaronsa ne ni. Bayan Sallah suka fara kame a Tahaggart, suna loda mutane a manyan motocin kamyo zuwa iyaka. Sauran sibar ɗin garin suna tsakiyar gari, inda baƙar fata marar takarda ba ya wucewa sau biyu. Na bi wata mota na zo nan In Amgel, na koma wa bulo. Muna gina wani gareji a bakin hanya. Sanyin nan ba irin namu ba ne, da safe ruwan kwaɓa siminti ƙanƙara yake yi, hannuwana duk sun tsage.

Ranar Sallah Inna ce a kan tarho. Ta yaya zan ce mata na rushe abin da hannuna? Ke kuma kunyarki nake ji, shi ya sa na ajiye.

Salifu ya kawo mini saƙon Si Hasan. Wai ya kira wani ya ɗora masa wani tsarin daban, ƙananan na'urorin sun ƙi tashi da shi, kanti yana rufe har yau. Ya ce in na samo seden in dawo. Don Allah ki aiko mini da shi. Kuma ki gaya mini gaskiyar idon Inna, ba irin gaskiyar gaisuwa ba.

Ƙaninki,
Ɗayyabu


Damagaram
Janairu 2006

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta daɗe a hanya, dowan, masu duba kaya a iyaka, sun riƙe motar su Salifu a Assamaka, sai bayan babbar Sallah ta iso. Na karanta ta a buro, wurin aikina, na shiga banɗaki na yi kuka. Ina nan ina hura hanci ina cewa gaba kake da ni, kai kuwa kana can cikin ƙanƙara.

Ga gaskiyar da ka nema. Idon dama ya tafi tun kafin azumi. Likita ya ce ruwan idon ne ya hau ya danne jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani tsayar da saura kawai yake yi, shi ma ba sosai ba. Na hagu yana ganin haske da inuwar mutum in ya matso. Na ce maka babu gaggawa don kada ka yi gaggawa ka ɓata aiki, ga shi ka yi, ga shi kuma lokacin ya tafi.

Sede suna cikin ƙullin nan, na naɗe su a tsohon ɗankwalin Inna saboda rairayi. Surs ɗin ma na sa maka a ciki don kada ka ɓata lokacin saukowa. Layin nan ɗaya da zai nuna wa manhajar hanya na rubuta shi da manyan baƙaƙe a bayan wannan takarda. Akwai kilishi da man kaɗanya na hannunka.

Yanzu kam akwai gaggawa. Amma ka bar ginshiƙan biyu su tsaya, ko da ranka ba ya so.

Yayarka,
Zuwaira


Tahaggart
Maris 2006

Yaya Zuwaira,

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi! Ina gaishe ku, amma ai jiya mun gaisa ido da ido. Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa.

Ban samu na gaya miki yadda aka yi ba. Ƙullin ya same ni a In Amgel, na jira har kame ya lafa sannan na shigo gari. Si Hasan ya buɗe mini kanti ya ja kujera ya zauna a bayana har na gama ɗora tsarin, ƙananan na'urorin suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Sannan na gina nawa na kai ɗakinsa, na ƙara layinki. Ginshiƙi biyu suna nan tsaye, mai sito yana harkarsa ni ina tawa. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar na bar aiki rabi, amma ban taɓa ba. 'Yar Kanon nan ban same ta ba, an ce tana cikin waɗanda aka loda.

Kin ga Inna kuwa? Hoton yana tsinkewa yana dawowa, amma na ga mayafin, na ga ta tsufa. Da na miƙe na ja baya na ɗaga ƙafa ɗaya na ɗaga ɗaya, na ji ta ce, "To, masha Allahu, ga su nan biyu." Ta ce farar rigar ta yi mini kyau, ta ce gemun nan in rage shi. Har da cewa na yi ƙiba! Ni da wandona yake zamewa. Na ce wa Si Hasan kamerar nan tasa ƙarya take yi wa mutane, ya yi dariya, karo na farko tun azumi.

Yaya, na yi abubuwa da yawa ba daidai ba a wannan tafiya, amma wannan ɗaya ya yiwu. Ta gan ni. Ki tambaye ta wace rana za mu sake.

Ƙaninki,
Ɗayyabu


Damagaram
Maris 2006

Ɗayyabu,

Wa alaikumus salam. Jikin kowa lafiya. Na karanta saƙonka na rufe, na sake buɗewa na rufe. Inna ta ce kada in gaya maka. Amma ɓoye-ɓoyen nan shi ya kai mu inda muke, ni na gaji da shi.

Ba ta gan ka ba. Idon hagu ya rufe tun cikin Fabrairu, wata safiya ta tashi ta tambaye ni me ya sa gari ya ƙi wayewa. Ta hana ni rubuto maka, ta ce yaron nan ya sha wuya a kan abin nan, a bar shi ya gama. Ranar kiran ina durƙushe a bayan kujerarta inda kamera ba ta kamawa, ina raɗa mata a kunne. Ni na ce mata farar riga, ni na ce gemu, ni na ce ka ɗaga ƙafa. Ƙibar ce kaɗai tata. Na gaya mata ka rame har ƙashin wuyanka ya fito, sai ta ɗaga murya ta ce ka yi ƙiba.

Da layin ya yanke ba ta tashi ba. Ta lalubo ekaran ta ɗora tafin hannunta a kai, ta ce, "Nan yake?" Na ce nan kake. Ta daɗe a haka, masu jiran na'ura suna tsaye. Sannan ta ce, "Zuwaira, tsakaninki da Allah, ƙafafunsa biyu?" Na rantse mata. Ta gyaɗa kai ta ce, "To. Ke ma dai gaya mini kika yi."

Mahamane ya mayar da mu a mota. Da muka isa gida ta cire mayafin ta ba Ramatu ta ce a mayar cikin akwati.

Ka tambayi ranar da za a sake. Ta ce ba sai an wahalar da mutane ba, tarho ya isa. Kamerar ka bar wa Si Hasan, wasu iyayen za su ga 'ya'yansu da ita. Ba zan ce ka taho ba, na san abin da fitowa take nufi a gare ka, ba zan kuma ce ka zauna ba. Abin da na sani shi ne yanzu duk wanda ya shigo gaishe ta, sai ta kamo shi ta shafa fuskarsa da hannu kafin ta amsa.

Ka ci gaba da shafa man kaɗanyar.

Yayarka,
Zuwaira